Waƙar da Clive Ya Hana a Katse

Yayana Clive Ashdown mai wankin tagogi ne a Rotherham. In ka cire tsani da bokiti, abu ɗaya ya sani a duniya: kiɗan nan mai tsawon tsiya da samarin garinmu suka haukace a kansa tun muna yara. Waƙa ɗaya sai ta ci kusan minti ashirin. Ka ɗora shayi, ka sha, ka wanke kofi, mawaƙin bai gama gyara murya ba.

"Yaya, wai yaushe za a fara waƙar?" nakan ce masa.

"An fara tun ɗazu, Glenys. Kunnenki ne na gwangwani."

Dokarsa ɗaya ce, ba a katse waƙa. Ko gobara ake, ba ya ɗaga allura daga kan faifai. Ranar aurensa ma amarya ce ta yi jira a ƙofar coci, ango yana cikin mota yana sauraron ƙarshen kaset. Marigayiya matar tasa ta yafe masa, ni ce dai ban yafe ba, don ni na tsaya riƙe da furanni cikin ruwan sama.

Akwai wadda ya fi so. Piyano ke fara ta a hankali, kamar mai tafiya a gidan da ake barci. Murya ta shigo da labarin wani da ya bar garinsu. Ganguna su canza taku, su sake canzawa, har ka rasa inda za ka ajiye ƙafa. Can kusa da ƙarshe komai ya lafa, jita ta kama sauti ɗaya ta riƙe, ta yi sama da shi. A nan Clive yake rufe ido. Sau ɗaya ya ja ni wurin wasan mawaƙan, na ga abin mamaki: da aka zo wurin jitar, duk zauren ya ɗauka da baki, ƙattai masu sanƙo da tumbi suna rera abin da ba kalma ko ɗaya a ciki, wasu suna share hawaye.

Da ciwon huhu ya kwantar da shi, sai ya kamo hannuna a asibiti.

"Ranar jana'izata, waƙar nan za ki sa mini. Har ƙarshe fa."

"Kai Yaya, ko a mace sai ka wahalar da mutane?"

"Har ƙarshe, Glenys."

Na yi masa alkawari.

To, ɗakin jana'izar garinmu rabin awa yake ba kowane iyali, kuna fita wasu na shiga. Fadan coci ya yi dogon bayani, wani kawunmu da ko sunan mamacin bai riƙe daidai ba ya ƙara nasa. Kafin a kunna waƙar rabin lokacin ya tafi. Abokan Clive sun cika layin baya cikin koɗaɗɗun baƙaƙen rigunan da suke sawa in za su je wasa. Piyano ta wuce, murya ta wuce, ganguna suna kan canza taku, sai na hango motocin iyali na gaba ta taga. Ma'aikacin ɗakin ya dube ni da fuskar ban haƙuri, ya murɗa sautin ƙasa. Daidai inda jita za ta shigo!

Wallahi raina ya ɓaci, na miƙe zan yi masa tas. Kafin in buɗe baki, Norman, babban abokin Clive, direban bas mai muryar jaki, ya kama sautin nan da bakinsa. Bai kama daidai ba. Na kusa da shi ya gyara masa, layin baya duk ya ɗauka. Haka muka fito a jere, muka ba bayin Allah ɗakinsu, muka tsaya a harabar cikin yayyafi. Ba wanda ya buɗe lema, ba wanda ya nufi mota.

Ina tsakiyarsu na ji wata murya siririya tana hawa inda mazan suka kasa kaiwa. Ashe tawa ce. Shekara da shekaru ina zagin waƙar nan ta bangon ɗakinsa, ban san ta zauna mini a ka ba. Kewarsa ta taso mini, amma ban tsaya ba sai da muka kai ta ƙarshe.

Norman ya goge fuska da rigarsa, ya dube ni.

"Kunnen gwangwani," ya ce. "Clive ya ce dama kin iya."