Koren Ganyen Shinkafa

Bayan sojoji sun koma bariki, kowace ƙungiya a Wudil sai da ta yi bana, wato ƙyallen talla, ni kuma ina da babban injin bugawa. Wata safiya wani dattijo daga ƙungiyar manoman Darki ya ajiye mini ɗanyen ganyen shinkafa, ya ce, "Wannan koren nake so, ɗana." A kwamfuta kore shar har da ƙyalli, amma injin a dushe yake fito da shi. Sau huɗu ina bugawa, har tawadar ma sai da na zage ta. Da la'asar ya dawo, ganyen ya yi yaushi, ya zo daidai da buguna. Ya kwashe da dariya, ya ce, "Kai ba ka hau ba, ganyen ne ya sauko!"