Yayyen Annabi Sulaimanu

Bayan la'asar a unguwar Utaibiyya, wani mutum yana tsaye a ƙofar masallaci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya tare liman. Mutumin zai kai shekara hamsin. Jallabiyarsa fara tas, amma hannuwansa duk tabon wuta ne, kuma ko kwalbar turare ka juye masa, ƙanshin yaji ba zai sake shi ba. Mai tsire ne, ko makaho ya shaida.

"Ya Shek, Annabi Dawuda ya bar wa Sulaimanu mulki, na ji. To yayyensa fa? Me suka yi wa Allah?"

"Ba su yi komai ba, Baraka. Falala ce, Yana ba wanda Ya so."

"Ɗayyib, na yarda. Amma da gari ya waye ina suka nufa? Wa ya ɗauke su aiki?"

Liman sai murmushi yake, yana neman hanyar zillewa.

Idon Baraka yana tsallaken titi, inda wani matashi ke yanka nama da tsohuwar wuƙa mai ƙotar ƙaho. Kamarsu ɗaya, furfura ce kawai ta raba su. Da gani tsohonsu ne ya miƙa wa ƙaramin wuƙa da tukuba, ya tsallake wanda ya tsufa yana fifita masa garwashi.

"Yaya!" matashin ya ƙwala kira. "Wuta na mutuwa! Za ka zo, ko in nemi wani?"

Baraka ya zura ɗayan takalmin. Ga shi can yana tsallaka titi yana naɗe hannun riga, motoci na danna masa hon, bai ko waiwaya ba.