Sheƙar Bargi

Tun ina ƙarama Kawu yake ba ni labarin bargi, kifin da yake gina sheƙa kamar tsuntsu. Kawu masunci ne a Gummi, wan Inna. Ya ce idan damina ta cika fadama, bargi yakan tsinke ciyawar burugu ya kewaye wuri kamar faifai, ya yi ƙwai a ciki, ya tsaya gadi har 'ya'yan su yi ƙwari. Masunta ba sa taɓa shi a lokacin. Da na dawo hutu daga jami'a na matsa masa sai ya kai ni na gani, Inna ta sa baki, ya yarda.

Da safe muka tarar da baƙo a bakin ruwa. Mai sayen zinariya ne daga wajen Bukkuyum, mai unguwa ya haɗa shi da Kawu don ya kai shi fatsa. Ya zo da doguwar sandar kamun kifi mai ƙyalli, ga turare kamar an yi ɓarinsa. Na zauna a goshin jirgi, shi a tsakiya, Kawu a baya yana tuƙi.

Har hantsi bai kama komai ba. Yana cin goro yana tofar da tuƙa a ruwa, jan yawun yana bin gefen jirgi ya wuce ta gabana.

"Tsoho, ruwan nan naku babu kifi ne, ko sun san ni baƙo ne?"

"Sun sani, Alhaji. Turarenka ya riga ka isa," in ji Kawu.

Ni na tuna wa Kawu alƙawarinsa. Ya dubi baƙon, sannan ya karkata jirgi cikin burugu. Ya daina tuƙi, ya nuna da haɓa.

"Ɗiyata, duba can. Kada ki yi motsi."

Ruwan wurin garai yake. Na ga kewayen ciyawa, a tsakiya 'ya'yan kifi sun dunƙule baƙi ƙirin, suna juyawa tare kamar hayaƙi. Uwar tana zagaya su a hankali, tsawonta ya kai hannuna. Na manta da kowa.

Ban ga lokacin da baƙon ya ɗauki mashin da Kawu ke sukar kifi da shi daga cikin jirgi ba. Ƙara kawai na ji, ruwa ya fantsamo mini a fuska, wurin ya yi ja.

"Alhaji, mi ka yi haka? Wagga tana bisa ɗiyanta," in ji Kawu.

"To ba kifi muka zo nema ba?"

Ya jawo ta, ya zare mashin, ya cusa ƙugiyarsa a bakinta tana sauran numfashi. Ya juya ramin mashin ta ɓangarensa don kada ya fito a bidiyo, ya miƙo mini waya.

"'Yan mata, ɗauke ni. Zan mayar da ita ruwa in jawo, ki fara daga nan."

Na sa hannuwana cikin hijabi, na ce ban iya ba. Ya yi dariya, ya ce me ake koya mana a makarantar. Ya ɗauki kansa da kansa, sau uku, yana nishi kamar mai kokawa. A bayansa ina kallon dunƙulen nan ya watse, wani zalɓe ya sauka a bakin sheƙar yana tsinta ɗaya bayan ɗaya.

Da muka fito tudu ya shinshina hannunsa, ya yatsina fuska, ya ce ƙarni zai ɓata masa mota. Ya bar uwar kifin a kan yashi, ƙudaje suka rufe raunin. Kawu ya ɗauke ta don kada ta tafi a banza. Inna ta yi miya da ita, ni ko ƙofar madafi ban iya wucewa ba ranar.

Kwana biyu bayan nan na roƙi Kawu mu koma, ko wasu sun tsira. Sheƙar tana nan yadda take, ruwan ya sake yin garai. Muka daɗe muna leƙe, ba mu ga ko ɗaya ba. Kawu bai ce laifina ne ba. Ya dai juya jirgi, ya ce in riƙe gefe da kyau, akwai igiyar ruwa a gaba.