Furen Kuɓewar Mma

Har yau a Zango in aka zo zancen mahaifiyata, sai a rage murya a ce ai ita ce matar da kuɓewa ta ƙi yi wa 'ya'ya. Wai hannunta ba albarka, wasu ma su ce abin da ta binne a gindin shukar don ta juya mijinta ne ya juyo kanta. Ƙarya ne. Mma ba ta binne komai ba sai kashin kaji da tokar murhu. Ni na ga abin da ya faru da idona, kuma na gaji da jin mutanen da ba su taɓa taka tsakar gidanmu ba suna ba da labarinsa.

Wata safiyar Juma'a ce a watan Yuni, shekarar da nake aji CM1 a lekol, wato aji biyar a makarantar firamare. An kwana ana ruwa, tsakar gida ta zama taɓo, kwaɗi na ta kuka a kwatar bayan katanga. Na fito da tsintsiya sai na ga furannin kuɓewa zube a ƙasa, launin ruwan ƙwai, tsakiyarsu ja kamar an ɗiga musu jini. Da yammacin jiya ni da Mma mun tsaya muna kallon su suna shirin buɗewa, yanzu ko ɗaya babu a jikin shukar. Mma ta fito ta dube su, ta daɗe tana duban taɓon, sannan ta ce, "Share, Rabi, kar ki makara lekol."

A lokacin Mma tana cikin idda. Baba, wanda ke gyaran babura a bakin titin Agoè-Assiyéyé, ya yi mata saki ɗaya saboda ta je sunan ɗan ƙanwarta a Kégué bayan ya ce kar ta je. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, a gaban abokansa na gareji ya rantse ba zai mayar da ita ba. Liman ya zo ya yi bayani, ina laɓe bayan randa ina ji: za ta zauna a ɗakinta har idda ta cika, in Baba ya ce "na mayar da ke" kafin nan, aure na nan, in bai ce ba, sai ta kwashe kayanta. Gwaggo Ladi, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ta ƙara da cewa yarinya dai ta gidan ubanta ce. Wato magana ɗaya tak ce tsakanina da rasa uwata.

Tun makon farko na iddar Gwaggo ta karɓe cefane, Mma kuwa ba ta iya roƙo ba. Sai ta tara tsofaffin tayoyi da buhunan shinkafa, ta cika su da ƙasa, ta ɗora a kan bulo don ruwan damina da ke kwanciya a unguwarmu kar ya cinye su. Ta shuka ayoyo, wato lalo, da alayyafo da barkono, maƙwabciyarmu mai suna Da Afi ta miƙo mata dashen ganyen miyar da ake kira gboma ta kan katanga, a jere na ƙarshe kuma ta sa kuɓewa. Ni ce mai korar awaki, mai tsince tsutsa, mai yayyafa toka, alhali ina jin ƙawayena a waje suna tafi suna tsalle a wasan ampe. Da yamma Mma ta tuƙa tuwon masara, ta burga ayoyo da 'yar kanwa da daddawa da busasshen kifi, ƙamshi ya cika gida. Ni ke kai kwanon Baba bakin ƙofarsa, ni ke ɗauko shi, kullum a suɗe tas. Miya ɗaya suke sha, bango ɗaya ne tsakaninsu, amma ko "sannu" ba ta haɗa su.

Wata rana Gwaggo ta tsaya kan tayoyin ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke da za ki bar gida, wa kike wa shuka?" Mma ba ta ɗago daga tukunya ba ta ce, "Yaya, ba zan fita gidan nan ba sai na sha miyar kuɓewata." Baba na alwala a bakin ƙofa. Na ga ruwan butarsa ya tsaya.

Daga Juma'ar nan kullum sai mu wayi gari furanni a ƙasa. Kuɓewa ta yi tsawo har ta wuce kaina, ganye fato-fato, ɗa ko ɗaya babu. Mata suka fara leƙe ta katanga suna salati. Da Afi ta daina miƙo hannu. Gwaggo ta riƙa turara gida, ta hana ni cin abinci a kwano ɗaya da Mma. A lekol yara suka daina tsayawa gabana a layin ampe, wai kar abin ya shafe su. Ni kaina na fara jin tsoron wucewa ta jeren nan in hadari ya haɗo.

Wata asuba ciwon ciki ya kai ni banɗaki, ina ciki Baba ya dawo daga masallaci. Ta hudar ƙofar langa-langa na gan shi, carbi a hannun hagu, yana bin tayoyin yana tsinke furen da farcensa mai baƙin mai, a hankali, kamar mai cire wa yaro ƙwarƙwata. Da ya gama ya juya ya dubi ƙofar Mma. Ya daɗe a tsaye, sannan ya shige ɗakinsa.

Na ruga na faɗa wa Mma. Ko wuƙar da take yanka ayoyo ba ta ajiye ba. "Na sani. Wa ke sa takalmin taya a gidan nan in ba shi ba? Sawunsa na nan a taɓo." Na ce to ta faɗa wa mutane mana, ana ce mata mai asiri! Ta ce, "Yana da baki. In yana so in zauna ya faɗa. Ba zan tona shi ba, ba kuma zan roƙe shi ba." Na samu Baba na ce, "Baba, ka faɗa mata mana." Ya dube ni ya ce, "Ke, wuce ki ɗauko min buta."

Ina jin da gaske ya ɗauka rantsuwar miyar za ta riƙe ta ba tare da ya karya tasa ba. Amma idda ba ta jiran kuɓewa. Ranar da ta cika, sama ta yi baƙi ƙirin, Kawu Sani ƙanin Mma ya zo da motar kaya. Mma ta gama miya ta rufe a kan murhu, ta ɗaure min ɗankwalina da ya zame. Baba na tsaye a bakin zaure, leɓensa na motsi, na ƙura masa ido. Sai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Da babu sauran dalilin tsinka, cikin 'yan kwanaki kuɓewa ta zubo 'ya'ya har rassan suka sunkuya. Unguwa ta ce, "Kun gani? Tana fita, shuka ta haihu." Ba wanda ya yarda ya ci, a jiki suka bushe suka tsage. 

Yanzu Mma na Baguida, tana da lambu a cikin yashi kusa da teku, mata na zuwa sarin kuɓewarta da kwanduna. Tsakar gidanmu an shafe ta da siminti, ba taya, ba kwaɗi, ba ƙamshin daddawa da yamma. Maganar ce kawai ba ta mutu ba. A wani biki kwanan baya na kai hannu zan juya miya, wata tsohuwa ta janye ludayin ta ce, "Bari, 'yata, hannun uwarki ne da ke."

Ranar Juma'a zan ɗebo kuɓewa a lambun Mma in kai Zango. Zan dafa ta a murhun nan, in ajiye kwanon a gaban Baba lokacin da aka sauko masallaci gida ya cika, Gwaggo na zaune. Zan tambaye shi wa ya tsinke furen. Wancan karon ya aike ni ɗauko buta na tafi. Wannan karon ba zan tashi ba sai ya faɗa.