Allon Tagulla Babu Sunan Kawu Matiu

Ranar Asabar majalisar gari ta mayar wa garinmu sunansa na asali, ta kafa allon tagulla a tashar jirgin ruwa, kuma babu sunan kawuna Matiu Kereama a jiki. Akwai na magajin gari. Akwai na wata farfesa da ta zo daga birni ta yi mako biyu tana tambaye-tambaye. Shi ko katin gayyata ba a aika masa ba.

Shekara talatin da huɗu Kawu Matiu ya yi yana jefa igiya a jirgin fasinja mai tsallaka tafkin nan. Ƙa'idar aikin, in jirgi ya matso tasha, mai igiya zai ɗaga murya ya faɗi sunan garin kafin ya ɗaure. A takarda Port Aldous ne, sunan wani Bature mai awon ƙasa da ya kwana biyu a nan, ya yi mitar sauro, ya wuce. Kawu bai taɓa faɗinsa ba. Otamaru yake cewa, wato wurin Tamaru, kakarmu ta farko da ta jawo kwalekwalenta kan wannan yashi.

Sau uku ana kiransa ofis a kan haka. Waɗanda ya koya wa ƙulli da hannunsa duk suka zama kyaftin, suka bar shi da igiya. Ɗayansu, Dougal Pringle, kullum sai ya leƙo ta taga ya ce, "Tsoho, yau ma ka sauke mana fasinja a garin da babu a taswira?" Kawu yakan ce masa in taswirar ta fi shi sanin wurin, to ta sauko ta ɗaure jirgin.

Har a gida bai tsira ba. Matarsa, marigayiya Ripeka, ta sha roƙonsa ya faɗi sunan da manyansa na ofis suke so, ya samu ƙarin girma kamar kowa. Ni ma na taɓa ce masa taurin kai ne kawai, kuma har yau ina jin kunyar bakina. Amma duk wanda ya tashi a garin nan, ko Maori ne irinmu 'yan asalin ƙasar, ko Bature, daga bakinsa ya fara jin sunan. Ita kanta farfesar a kicin ɗinsa ta zauna kwana huɗu, tana cin kifin bandarsa tana cika littafinta.

Shekararsa tamanin da uku yanzu. Ranar bikin na tura shi a keken guragu har tasha. Mai gadi ya tsayar da mu bayan shinge, wai kujeru na masu kati ne. Pringle kuwa yana layin gaba, ya fi kowa tafi. Kawu ya saurara har aka yaye ƙyallen da aka rufe allon da shi, sannan ya ce, "'Yata, ki kai ni gida, sanyi nake ji."

'Yan majalisa, ku cire allon nan, ku sake wani da sunan Matiu Kereama a sama. Ku kawo shi gidansa da ƙafarku, ku karanta masa, tun yana iya ji.