Gyaran Baba Ragwar

Shekara talatin da ɗaya Baba Ragwar ya yi yana tace rubutu a maɗaba'armu ta Kisumu, ni ina ɗinkin littattafai a gefensa. Kullum jan biro na bayan kunnensa. Ko jaridar da aka naɗo masa soyayyen kifi a ciki sai ya gyara mata waƙafi. Taurin kai kam Allah ya ba shi, kuma alfaharinsa guda ne: kuskure bai taɓa wuce shi ba.

Sai Malama Awiti, mai koyarwa a sakandare, ta kawo littafin labarinta. Da babi na goma sha biyu ya fara, ana binne wata yarinya da motar haya ta kaɗe. Daga nan na sha ɗaya, na goma, haka har ƙasa. A tsakiya ga tallan waya, ga saƙonnin ta'aziyya, ga marubuciyar da kanta tana cewa kada mai karatu ya yarda da ita.

"Ke 'yar Seme," Baba ya ce mini, don da sunan garinmu yake kirana, "wannan littafi ne ko kwandon shara?"

"Baba, ka tambaye ta mana."

"In tambayi wa? Tun ba a haife ta ba nake aikin nan!"

Malama ta tafi Nakuru duba jarrabawa. Baba ya jera babobin daga ɗaya zuwa sha biyu yana ta tsaki. Aka buga ɗari biyar, ni na ɗinke su da hannuna.

Da ta dawo ta buɗe shafin ƙarshe, sai ta zauna a kan tulin takardu. Ba ta yi faɗa ba. Wallahi gara a ce ta yi.

"Baba, yarinyar nan 'yata ce, Nyangi. Na juya labarin ne don a shafin ƙarshe tana raye, tana shan kunu za ta tafi makaranta. A nan kaɗai nake da wannan ikon. Kai kuma ka sake binne mini ita."

Washegari Baba ya zo babu biro a kunne, ya roƙe ni in koya masa warware ɗinki. Ya ajiye aiki, amma kullum yana zuwa ya zauna a lungu, ya warware littafi, ya mayar da babobin yadda ta jera su, ya ɗinke. Na sha juya baya in share hawaye.

Bana ya rasu. Ɗari biyu da shida ya gama. Sauran suna ƙarƙashin teburina, kuma a kowanne yarinyar tana cikin kabari.