Katifar Inna a Bayan Akori-kura

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma ba na jin akwai ranar da zan manta da lokacin da maigidana ya kwance ƙarƙashin motarsa saboda mahaifiyata.

A Tudun Wadar Zariya muke zaune, ni ina koyarwa a wata firamare, shi kuma yana da tsohuwar akori-kura da yake dakon kaya da ita. Hatsi, albasa, siminti, duk abin da ya samu. Kamar sauran abokan sana'arsa, ya ƙara wa sifirin ɗin baya ƙarfi, wato fallayen ƙarfen nan dogaye da ake jerawa ɗaya kan ɗaya a ƙarƙashin mota. Ya ƙara fallaye a kan na asali don ta riƙa ɗaukar buhuna da yawa. Idan an labta mata kaya tafiya take lafiya lau. Idan kuwa babu kaya, tsalle take yi a titi, wanda ke ciki har haƙoransa sai sun haɗu. Shi kansa mutum ne marar yawan magana. Za ka yi masa bayani mai tsawo ya ce maka “To,” ya ci gaba da abin da yake yi.

A shekarar da abin ya faru, Inna, mahaifiyata, tana wurinmu. Santsi ya kwashe ta a banɗaki ta bugu a ƙugu da baya, tun daga nan ba ta iya daɗewa a zaune, sai kwanciya. Ko asibiti za mu kai ta a keke-napep, kafin mu isa hawaye sun jiƙa mata mayafi, ga shi ba mai ƙorafi ba ce. Ana cikin haka saƙo ya zo daga ƙauyensu, can bayan Soba, cewa yayarta, wadda muke kira Inna Babba, ba ta da lafiya. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Idon Inna Babba ya daɗe da tafiya, kuma mai saƙon ya ce kullum tambayarta ɗaya ce, ko ƙanwarta ta zo.

Inna ba ta ce a kai ta ba. Ta san halin da muke ciki, ta kuma san hanyar. Da zarar an sauka daga kwalta sai ramuka da zaizaya, ga damina ba ta gama ɗaukewa ba, ƙaramar mota ba ta shiga. Hayar babbar mota kuwa ta fi ƙarfinmu. Abin da na lura da shi kawai shi ne ta rage cin abinci, ta koma juya fuska bango. Wata rana ina gyara mata shimfiɗa na tarar ta ƙulle zannuwanta biyu da turare a ɗankwali ta tura ƙarƙashin matashi. Na fita tsakar gida na yi kukana.

Da maigidan ya dawo na ba shi labari yana cin tuwo. Ya saurara har na gama, ya ce “To,” ya wanke hannu ya fita masallaci. Na ɗauka maganar ta ƙare a nan.

Washegari, maimakon ya tafi Kwangila inda suke jiran masu kaya, sai na ji ƙarar ƙarfe a ƙofar gida. Na leƙa ta zaure na ga ya ɗaga bayan motar da jak, ya tokare ta da kututture, ya shige ƙarƙashi. A gefe, kan benci, maƙwabcinmu ne zaune, wani dattijo Kirista ɗan asalin Wusasa, tsohon bakanike da rawar hannu ta sa ya ajiye aiki. Kowa a layin Baba yake ce masa. Shi ke nunawa da sandarsa, maigidan yana kwancewa. Ina tsaye na ji Baba yana cewa, “Motar nan ka gina ta don buhu ne, ba don ƙashin tsohuwa ba. Ba za ta yi maka duka biyun ba, sai ka zaɓi ɗaya.”

Daga ƙarƙashin motar ya amsa, “Na zaɓa, Baba.”

Sai a lokacin na gane. Nufinsa a shimfiɗa wa Inna katifa a baya ta yi tafiyar a kwance, amma sai ya fara mayar da motar mai taushi. Kuma wannan a farkon kaka ne, lokacin da masu dakon hatsi ke samun abin da za su ci shekara da shi.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Sun sauke sifirin ɗin gaba ɗaya, suka cire fallayen da aka ƙara. Waɗanda suka rage ya zauna ya kankare musu tsatsa ɗaya bayan ɗaya da kananzir, ya shafe tsakaninsu da giris. Robobin da ke raba ƙarfe da ƙarfe duk sun cinye, sai Baba ya sa aka samo tsohuwar tayar babbar mota, aka yanko wasu daga jikinta da wuƙa mai kaifi. Abin da ya gagara shi ne shokozoba, bututun nan biyu masu shanye girgiza. Nasa sun daɗe da mutuwa, sababbi kuma ko tayawa bai iya yi ba. Ya shiga zagayen 'yan gwanjo a Sabon Gari, ya je ya dawo hannu rabbana, ya sake komawa. Daga ƙarshe ya dawo da wasu guda biyu a buhu, waɗanda aka ciro daga wata mota da ta yi haɗari, Baba ya danna su da ƙirjinsa ya ce suna da rai.

A bakin Baba na ji yadda aka same su. Ashe musaya aka yi. Fallayen ƙarfen da ya cire ya bayar, ya cika da ɗan abin da ke aljihunsa. Ke nan ko an dawo daga tafiyar, ba shi da abin mayarwa. Da na kai masa ruwan wanka na tambaye shi da me zai ɗauki kayan mutane. Ya dube ni, fuska duk baƙin mai, ya ce, “Kaya za su jira. Inna Babba ce ba mu sani ba.”

Ya kuma roƙe ni kada in gaya wa Inna sai abin ya tabbata. Ita kuwa tana jin bugun guduma daga ɗaki, tana ta tausaya masa, wai motar bawan Allah ta lalace a lokacin nema.

Haɗin farko bai yi ba. Motar ta yi laushi fiye da kima, bayanta ya zauna, taya tana gugar jiki. Na ga yadda ya tsaya yana kallonta, hannu a ƙugu, na ɗauka zai haƙura. Sai ya sake ɗauko jak. Suka sake saukewa, ya ɗora fallayen a acaɓa ya kai wa wani maƙeri ya ƙara musu lanƙwasa, aka dawo aka sake ɗaurawa. Ran Lahadi Baba ko gida bai shiga ba daga coci, da kayansa masu kyau ya zauna a bencin.

Ranar gwaji ita ce har yanzu in na tuna nake dariya ni kaɗai. Ya jera buhunan yashi a saitin tayoyin baya don motar ta sami ɗan nauyi, ya ɗora katako, ya shimfiɗa katifa. Sannan ya ce in hau in kwanta, wai ni na san inda ke yi wa Inna ciwo. Baba kuma ya miƙo mini kwano cike da ruwa ya ce in riƙe a kan cikina. Haka na kwanta da hijabina, malamar makaranta guda, aka ratsa da ni Tudun Wada matan layi suna leƙe suna tambayar ko lafiya. Muka nufi hanyar Dutsen Abba inda ramuka suke. Ramin farko ruwan ya ƙare a jikina. Suka tsaya, suka rage iskar taya, suka matsar da buhuna, aka sake cika kwanon. Muka yi ta yi har rana ta yi sanyi. A zagayen ƙarshe ruwan yana rawa a kwanon amma bai zuba ba, ni kuma ina jin ramin yana wucewa a ƙarƙashina kamar an ɗaga ni an ajiye. Na buga jikin motar na ce ya yi.

Da daddare na gaya wa Inna. Sai ta ce in ɗauko mata ƙullin da ke ƙarƙashin matashi, in kuma dama mata kunu, yunwa take ji.

Da sassafe muka tashi. Ya kafa rumfar tampol a bayan motar, muka ɗauko Inna a bargo ni da matan maƙwabta muka kwantar da ita, na zauna a gefenta. Baba ya tsaya a ƙofar gidansa ya ɗaga mana sanda, ya ce Allah ya kai mu lafiya. Tafiyar da ake yi kafin hantsi, mu sai bayan azahar muka gama ta. Masu babur suna wuce mu, wani ma ya tambaya ko ƙwai muka ɗauko. In an zo wuri mai muni sai ya tsaya, ya sauka ya taka da ƙafa ya duba, wani lokacin ya jera duwatsu, sannan ya dawo ya lallaɓa. Tun daga gida Inna ta damƙe wuyan hannuna tana jiran azaba. A hankali na ji riƙon yana sassautawa. Da na duba, barci take yi, baki a ɗan buɗe. Rabon da in ga ta yi irin wannan barcin tun kafin ta faɗi. Ba ta farka ba sai da muka shiga gonakin dawa, ta ce in ɗaga mata gefen tampol, ta fara nuna mini inda suke zuwa itace suna yara.

Mun tarar da Inna Babba kwance a rumfa, ta rame sosai. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma da bargo dab da ita. Ba wanda ya gaya wa Inna Babba ko wace ce. Ta miƙo hannu ta shafa fuskar, daga goshi zuwa haɓa, ta daɗe a kan tsagar kumatu, sannan ta ce, “Kin tsufa.”

Inna ta ce, “Ke kuma Yaya, yarinya kika koma?”

Suka yi dariya, dariyar ta juye kuka, mu ma da ke tsaye muka taya su. Na waiga ban ga maigidan ba. Yana can waje gindin bishiya, ya sake shigewa ƙarƙashin motar yana duba ko wani noti ya kwance.

Mun yi 'yan kwanaki. Ranar komawa ina ta fargabar rabuwar, sai Inna Babba ta sa jikokinta suka kai ta bakin motar. Ta laluba katifar, ta danna ta da tafin hannu, ta tambaya ko da gaske ƙanwarta barci ta yi a hanya. Da aka ce mata e, sai ta ce to katifar ai ta ishi mutum biyu. 'Ya'yanta suka so hanawa, ta ce ta gaji da jiran saƙo, kuma an ce akwai likitoci a Zariya. Aka dubi maigidan. Ya sauke buhun yashi ɗaya, ya ce a ɗauko kayanta.

Haka muka dawo da tsofaffi biyu kwance kafaɗa da kafaɗa, suna gardamar wace ce ta fasa tulun mahaifiyarsu shekaru aru-aru da suka wuce.

Tun da aka yi aurenmu, tsakanin Inna da surukinta gaisuwa ce kawai, shi a durƙushe daga bakin ƙofa, ita ta juya kai gefe. Amma ranar, da aka shigar da ita ɗaki, ta ce a kira mata shi. Ya cire takalmi ya durƙusa a inda ya saba. Ta ce ya matso. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, “Ɗana, ranar da ƙarfinka ya ƙare, Allah ya ba ka masu ɗaukar ka a hankali yadda ka ɗauke ni.”

Ya ce, “Amin, Inna,” ya tashi ya fita da sauri. Na bi shi da abinci, na same shi a zaure ya juya baya yana share fuska da hularsa. Na ajiye kwanon na koma.

Ba zan ce kakar nan ta yi mana daɗi ba. Motar ba ta ɗaukar ko rabin abin da ta saba, wasu masu kayan suka koma wurin wasu, kuma mun ji a tukunyarmu. Sai da aka daɗe kafin ya iya sayen wasu ƙarafan ya mayar. Amma Inna Babba ta sami magani ta murmure, su biyun suka yi fiye da shekara a ɗaki ɗaya, suna hira, suna faɗa, suna raba goro. Allah ya karɓi Inna Babba da farko, Inna ta bi ta ba da daɗewa ba. Allah ya jiƙansu.

Abin da na koya shi ne, ba kowa ke iya faɗin ƙauna da baki ba, kuma ba sai mai hali ke iya kyautatawa ba. Wani abin da yake da shi kaɗan ne, amma zai zauna ya yi tunanin inda ke maka ciwo, ya rage daga nasa don kai ka sami sauƙi. In Allah ya haɗa ka da irin wannan mutumin, kada ka tsaya jiran ya yi magana. Ka dubi abin da hannunsa yake yi, ka gode masa tun yana kusa.